Mai Kantin Da Kayansa Suka Biyo Shi Gida

An yi wani mutum mai babban kanti a Nassarawa GRA, nan cikin Kano. Ba sai an faɗi sunansa ba, domin yana nan da ransa. Kantin irin wanda ake tura keken zuba kaya ne a ciki, ga sanyi, ga firiza jere a bango guda cike da kaji da kifi da yogot.

Da annobar korona ta zo aka kulle gari, shi ma ya kulle. Ma'aikatansa suka tafi garuruwansu, aka rufe hanyoyi a bayansu. Da farko kullum ana tayar da janareta saboda firiza. Da kulle ya yi tsawo, ya ga mai yana ƙonewa ba ciniki, sai ya ce a kashe. Wutar gari ta zo yau, ta ɗauke gobe. Kaya suka narke, suka daskare, suka sake narkewa, a tsakiyar zafin bazara.

Kwatsam sai ga sanarwa a rediyo: an ɗage kulle, kowa ya buɗe.

Ya 'yan uwa, kun tuna ranar. Direbobi suka fito da bokiti suna wanke motocin da suka yi watanni a rumfa. Masu gadi suna ɗaga wa juna hannu daga ƙofa zuwa ƙofa kamar ranar idi. Ba kowa ya yi murna ba. Wani tsohon ma'aikacin gwamnati ya ce an yi gaggawa, shi da kanti sai baɗi. Wata Hajiya ta ce za ta aiki direba, amma sai ya sa safar hannu, kuma kayan su kwana a waje. Madam Salomi kuwa, malamar makaranta da ke haya a bayan layin, cewa ta yi ita ko ba ta sayi komai ba za ta je ta tura keke, ta ga fuskar mutane.

Mutumin nan ya fi kowa ɗoki. Ya sa aka yi fenti, aka kafa bokiti mai famfo a ƙofa da sabulu, aka ɗaura balan-balan. Ranar da Lawan mai kula da sito ya dawo daga Jigawa, suka buɗe firiza tare.

"Alhaji, waɗannan fa sun sha iska," in ji Lawan.

"Sun yi wari?"

"Yanzu dai a daskare suke."

"To me kake nema kuma? Wuta za su shiga. Ka taɓa ganin abin da ya gagari tafasa?"

Lawan ya yi dariya, don shi ma aikinsa yake so. Aka goge ledoji, aka manna sabon kwanan wata a kan tsoho, aka rubuta babban allo: sayi biyu, a ba ka ɗaya kyauta.

Da ya koma gida ya ce wa matarsa, Hajiya Rahma, "Kada a ɗauko kaza ko yogot daga kanti zuwa gidan nan. A saya a kasuwa." Ta tambayi dalili. Ya ce kayan sun yi kaɗan, na masu saye ne.

Kun ji, ya 'yan uwa? Wa zai ce mutumin nan bai san abin da yake yi ba?

Ranar buɗewa layi ya kai titi. Wasu da takunkumi a baki, wasu a haɓa, wasu a aljihu. Maƙwabtan da suka daɗe ba su haɗu ba suna gaisawa da gwiwar hannu suna shewa. Madam Salomi ta zagaya da kekenta har ta gaji. Shi kuma yana tsaye da babbar riga yana amsa barka. "Alhaji, gari ya dawo!" Yana cewa, "Ya dawo, da izinin Allah!" Da izinin Allah yake cewa, firiza kuma tana raguwa a bayansa.

Ana cikin wannan farin ciki sai ga wani a kai. 'Yarsa ta fari, Ameera, ta haifi ɗa namiji. Haihuwar ta zo da wahala, ta zubar da jini, amma Allah ya sauke ta lafiya. Aka kawo ta gidan iyayenta wanka, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Shi mutum ne mai kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Bai shiga ɗakin ba, bai tambayi abin da take ci ba. Amma kowa ya gan shi a kwanakin ya san ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Ana gobe suna, da hantsi, ya fito zai tafi kanti, sai ga motocin dangin mijinta Taufiq sun shigo. A gaba akwai gwaggon Taufiq, Hajiya Bilkisu, mace mai murya. Aka buɗe bayan motoci. Kwalaye ne da ledoji, kowanne ɗauke da sunan kantinsa.

"Alhaji, barka biyu!" in ji ta. "An buɗe gari, ga kuma jika! Na ce wa Taufiq, mu shiga gidan suruki da ledar wani kanti? Ai sai Kano ta yi mana dariya. Mun kwashe maka firiza guda, sai ka sake oda!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Aka fara shiga da kaya ta gabansa.

Nan ne Allah ya ba shi dama. Kalma ɗaya ta isa: ku tsaya. Amma me zai ce bayanta? Ya ce wa surukai kayan kantinsa ruɓaɓɓu ne? Kafin azahar labari ya cika unguwa, layin nan ya watse. Ya kuma gaya wa kansa cewa ba girmansa ba ne ya sa baki a abincin jegon 'yar fari a gaban baƙi. Da kunya ya lulluɓe abin, alhali tsoron tonon asiri ne.

Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya saka da alheri. Allah ya raya."

A mota ya kira Hajiya Rahma, hayaniya ba ta bari ta ji wayar ba. Ya ce a ransa ai girkin suna sai gobe, da yamma zai turo Lawan da sababbin kaya a musanya a ɓoye. Yana isa kanti ya tarar motar kaya ta iso daga Legas, ga jama'a, ga masu yi masa barkan jika. Ya shiga ciki ya nutse.

A gida kuwa wa zai bar mai jego ta jira gobe? Nan take aka ɗora farfesu, aka zuba yaji mai yawa. Yaji da sanyi da sukari suna ɓoye abubuwa. Aka kai mata kwano da yogot mai ƙanƙara. Ta ce ta ƙoshi. Hajiya Bilkisu ta ce, "Ci, 'yar nan, ke da ke shayarwa. Kuma na kantin babanki ne, wa ya fi ki hakki?" Ta ci. Masu barka ma suka ci.

Bayan la'asar aka kira shi. Amai da gudawa, gida ya cika da kuka. Aka kwashi mata zuwa asibiti. Masu ƙarfin jiki suka farfaɗo. Ameera ba ta da jinin da za ta jure.

A bakin ɗakin da aka kwantar da ita, likita ya tambayi abin da ta ci. Hajiya Rahma ta fara lissafawa, ta kai kan kaza, sai ta tsaya. Ta juyo ta dube shi, Taufiq yana tsaye a gefe.

"Alhaji, me ya sa ka ce kada a kawo kazar kanti gidan nan?"

Ya juya musu baya. Ba a kuma sake tambayarsa ba.

An raɗa wa yaro suna uwarsa tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Washegari ta rasu.

Daga nan komai ya bi. Gidajen da yaransu suka kwanta a kwanakin baya, aka ɗauka zazzaɓi ne ko annobar ce ta dawo, suka gano kayan kantin ne. Lawan ya faɗi abin da ya sani. Hukuma ta garƙame kantin, aka ƙone kayan a bainar jama'a. Dangin Taufiq suka ɗauke jariri, ba a ƙara kawo shi gidan ba. Hajiya Rahma ta koma gidan yayanta. Mutumin da ake layi a gaishe shi, yanzu Juma'a ma sai ya tafi wata unguwa inda ba a san fuskarsa ba.

Ya 'yan uwa, ba murnar buɗe kanti ce ta halaka shi ba. Neman halal ibada ne, kuma duk mun yi murna. Asara ce ta same shi kamar yadda ta sami dubban mutane, sai ya ƙi ɗauka, ya ce 'ya'yan wasu su ɗauka a cikinsu. Ya tsare tukunyar gidansa, ya bar ta maƙwabci. Shin yaran da suka kwanta kafin Ameera ba su da iyaye ne?

Kuma ko bayan ha'incin, an ba shi ƙofar tuba a tsakar gidansa, da rana tsaka. Ya auna mutuncinsa da ran 'yarsa, ya ce sai yamma.

Kai mai kanti, kai mai tebur, ke mai abincin sayarwa: abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka miƙa wa ɗan wani. In kuma ka riga ka miƙa, faɗa yanzu, ko a gaban wa kake tsaye.

Allah ya jiƙan wannan baiwa tasa. Allah ya tsarkake mana kasuwancinmu, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya kiyaye mu, mu da zuriyarmu. Amin.