Firam Ɗin da Ya Kasa Ɗaukar Zanen Tabita

Akwai wani kafinta a wani ƙaramin gari, mutum mai tsoron a ga aibu a aikinsa. Wata rana Malama Keziya, shugabar makarantar firamare, ta kawo masa katako ta ce, "Baba, ran Asabar iyaye za su zo kallon zanen yara. Firam talatin nake so, mu saka zanen a ciki mu rataye su a bango."

Kafinta ya auna takardar zane guda ɗaya, ya yanka duka talatin ɗin a kanta. Bai tambaya ko takardun girmansu ɗaya ne ba. Katakon kuwa ya ƙare ƙaf.

Ran Jumma'a da la'asar Malama ta zo da yara da zanensu. Ashirin da tara suka shiga daidai. Na ƙarshe na wata yarinya ne mai suna Tabita. Ita ba ta sami farar takarda ba, sai ta yi nata a bayan takardar buhun siminti, ya fi firam ɗin faɗi da tafin hannu guda.

Kafinta ya sake gwadawa. Ya juya firam ɗin tsaye, ya juya shi kwance, bai shiga ba. Ya leƙa ƙarƙashin benci, ba komai sai ɓarɓashi. Masu sayar da katako kuma sai ran kasuwa, ran Talata. Ya tsaya yana tunanin gobe za a ce shi ne ya ɓata awo.

Malama ta duba agogo, ta miƙa masa almakashi. "Baba, rage gefen nan kawai. Ba wanda zai lura."

Ya ɗora almakashi a kan takardar. Zanen gidansu Tabita ne: uwa tana daka, uba da fartanya, akuya biyu. Can a gefe, inda almakashi zai bi, ga wani ɗan mutum zaune a ƙasa.

"'Yata, wane ne wannan?"

Tabita ta sunkuyar da kai. "Irmiya ne, ƙanena. Ba ya iya tafiya. A gida ma nan yake zama, a bakin ƙofa." Ta ƙara da cewa, "Na ce masa gobe zan goyo shi ya zo ya ga kansa a bango."

Kafinta ya janye hannu daga kan takardar. Ya ajiye almakashi, ya duba shagonsa ko'ina. Katako mai kyau ɗaya ne ya rage, ƙyauren shagon. Damina ce, ga hadari yana haɗuwa, kayan aikinsa duka suna ciki.

Ya ɗauki guduma ya ɓalle ƙyauren.

"Baba, da me za ka rufe shago?" in ji Malama.

"Shago zai jira Talata. Irmiya gobe zai zo."

Kafin rana ta faɗi ya haɗa sabon firam, zanen ya shiga duka. Da dare kayan aikinsa suka sha ruwan sama, zarto ya yi tsatsa. Amma da safe Tabita ta iso makaranta da ƙanenta a baya. Yaron ya daɗe yana kallon bango, sa'an nan ya nuna da yatsa ya ce, "Yaya, ga ni can."

Ma'anar wannan misali ita ce, firam ɗin nan tsarin da muke yi ne a gidajenmu da ikilisiyarmu. Mukan yi awo da mutum ɗaya mu ce kowa ya shiga. In wani bai shiga ba, sai mu ɗauko almakashi, kuma wanda yake gefe shi muke fara yankewa: mara lafiya, tsohuwar da ba ta ji sosai, baƙon da bai iya harshenmu ba. Ubangiji Yesu bai yi mana haka ba. Domin mu sami wuri, abin da yake nasa ya bayar, har ransa.

To, yara, a makon nan kowa ya duba bakin ƙofarsa. In akwai wanda yake zaune a can, ku matsa masa wuri, ko da abin zai ci muku wani abu.