Farin Bango da Mota Mai Ido Biyu

Wai ku ba ku gajiya da tambaya ne? Tun safe ina tsaye, ƙafafuna sun kumbura, ku kuma sai "Kaka, me ya sa Kawu ya daina cika baki?" To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa.

Akwai wani mai kula da sito, wato kawun nan naku. Yana da takardun makaranta, kuma bai bar kowa ya manta ba.

A siton akwai wata ƙaramar motar ɗaukar kaya da ba ta da direba. Kyamara biyu gare ta a goshi kamar idanu, da su take gane nisan abu. Ku rufe ido ɗaya ku gwada zura zare a allura, za ku san dalilin da aka yi mata biyu.

Tsohon da ke tuƙa motar kaya a siton kafin a kawo ta, Baba Direba, sai aka mayar da shi mai bin ta a ƙafa yana gyara kwalaye. Shekara biyu yana bayanta.

Rannan aka ce mai kamfani zai zo. Kawunku ya dubi bangon ƙarshen layi, duk ƙarce da tabon mai da tsofaffin takardu, ya ce a shafe shi da farin fenti tas.

Baba Direba ya ce, "Yallaɓai, a bar mata bangon nan. Tabon take kamawa ta san ta iso. Na lura ko farin allo aka jingine a gabanta sai ta rikice."

"Baba, aji nawa ka yi?"

"Ban yi ba."

"To ɗauki kwali."

Aka yi fenti, bango ya yi fes. Mai kamfani ya zo ya tsaya yana kallo. Mota ta ɗauko kwalayen tangaran ta doshi bangon. Idanunta suka duba, nan fari can fari, babu abin kamawa. Ko rage gudu ba ta yi ba. Ta daki bango, tangaran ya watse har ƙarƙashin takalmin mai kamfani.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya tambayi wanda ya sa a yi fenti, aka faɗa masa. Ya miƙa wa kawunku hannu ya ce, "Makullan sito."

Baba Direba ya ajiye kwalinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka kore shi wani za ka kawo, shi ma sai ya fasa nasa tangaran kafin ya koya. Wannan ya riga ya koya. Kuma akwai yara a gidansa."

"To me kake so a yi?"

"A ba shi baƙin fenti da buroshi."

Mai kamfani ya yarda. Kwana uku kawunku yana ɗiga wa farin bangonsa baƙi, tsohon na zaune a kan kwali yana cewa, "Yallaɓai, ƙara nan." Makullan dai suna aljihunsa har yau. Ni na wanke rigar da ya yi aikin da ita, fentin bai fita ba.

Darasi: Wanda ya daɗe yana bin abu a ƙafa ya san halinsa, ko da bai shiga aji ba. Ku saurare shi kafin ku taɓa abin da kuka tarar. Ku faɗa wa 'yan'uwanku masu ɗaga hanci.

Yanzu ku tashi, kowa ya wanke ƙafa ya kwanta. Kada in sake jin motsin kowa.