Talotalon da Ya Sayi Gem Kamar Kankana

An yi wani Talotalo a bayan wata tashar mota, can inda aka yar da tsohuwar bas wadda ba ta da ko taya ɗaya. A cikin bas ɗin nan dabbobin unguwa ke taruwa hira. Shi Talotalo ba shi da aiki sai baza jela. In ya sha ruwa ya baza, in ya yi atishawa ya baza, in ma ba mai kallonsa sai ya je gaban fasasshen madubin bas ya baza wa kansa.

A kan reshen dalbejiyar da ta yi wa bas ɗin inuwa akwai Hawainiya, dattijuwa mai sanyin jiki. Kafin ta ɗaga ƙafa ta ajiye, kaza ta yi ƙwai ta gama kyarkyara. A ƙarƙashin bas kuwa Gafiya ce da shagonta. Duk abin da ya faɗo daga jakar matafiya, da wanda bai yi niyyar faɗowa ba ta taimaka masa, a wurinta za ka same shi.

Wata rana da sanyin safiya Gafiya ta fito da na'urorin gem guda biyu, irin na riƙewa a hannu. Ɗaya ƙatuwa ce, ja wur, da fitilu masu ƙyalƙyali a gefe. Ɗayar ƙarama ce mai launin toka, duk jikinta ƙarzane, kamar ta sha zama a aljihun kwandasta.

Ta tara jama'a ta ce waɗannan ba su da wasa nasu na kansu, aikinsu kwaikwayo. Suna iya mai da kansu kamar manyan na'urorin da, waɗanda ake jona wa talabijin a shagon gem, su buga wasanninsu. Ta ce ja ɗin nan wasa dubu goma ne a cikinta, wanda ya saye ta shi da kaɗaici sun raba hanya.

Talotalo ya ture kaji gefe ya matso. Ya sha ganin direbobi suna sayen kankana a bakin tasha, saboda haka a ganinsa ya san yadda ake gane kaya mai kyau. Ya ƙwanƙwasa jar na'urar da baki, ya kara kunne. Ya ɗaga ta da fiffike, sai da ya yi nishi. Ya ɗauki ta tokar, ya ji ta sakayau, ya yar.

"Wannan ba ta nuna ba," in ji shi. "Ja ɗin nan ce a cike. Kun ji nauyi?"

"Ranka ya daɗe, ai manya su suka san kaya," in ji Gafiya. "Nauyin nan da ka ji duk ƙwaƙwalwa ce."

Nan da nan ta kunna masa wasan jera bulo, wanda ƴan tubala ke faɗowa daga sama ana shirya su. Wasa ya tafi sumul, kiɗa na tashi, fitilu na rawa. Kar ku tambaye ni da me talotalo ke danna maɓalli. Da baki yake yi, kuma ya iya.

Ana cikin haka Hawainiya ta gama saukowa daga reshenta, abin da ta fara tun asuba. Ta gaishe da kowa, ta nemi a miƙo mata ta tokar. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ba ta ɗaga ba. Cewa ta yi a sa mata wasan da ya fi kowane wahalar da na'ura. Gafiya ta ɓata rai, amma ta sa mata tseren babur.

Hawainiya ba ta tsaya a farkon wasan ba, inda hanya ke fayau. Ta tuƙa har cikin kasuwar da ke cikin wasan, inda babura da motoci da mutane suka cunkushe, ga ruwan sama ga hayaƙi. Ido ɗaya ta sa a kan hoton tana duba ko zai riƙa tsayawa, ɗaya idon ta juya shi kan Gafiya, don ta san hali. Ta saurari ƙarar babur ko za ta shaƙe. Ba ta tashi ba sai da rana ta take tsaka. Sannan ta kifa na'urar ta kwanta a bayanta da cikinta, ta ji ɗumin. Akwai ɗumi, amma irin na tuwon da ya huce.

Sai ta ce a kawo ja ɗin ma ta gwada. Gafiya ta yi wuf ta ce ai an riga an sayar, Yallaɓai Talotalo ya turo buhun gyaɗarsa. Hawainiya ta ce to, ta sayi ta tokar.

"Gwaggo, ke da kika yini a kan abu ɗaya," in ji Talotalo, "in aka bar ki da tawa sai kaka. Me kika sani a kan gudu?"

"Gudu kam ban san shi ba, ɗan nan. Amma kwaikwayo sana'ar gidanmu ce. Ɗora ni a kan ganye, kafin ka ƙifta ido na zama kore. Ran nan kuwa na faɗa kan atamfar da aka shanya, mai fure da tsuntsu da ɗigo-ɗigo, sai da kaina ya ɗau zafi na yini ina ganin jiri. Haka abin nan yake. Ƙaramin wasa ko wace na'ura za ta kwaikwaya. Ka gwada taka da atamfa tukuna."

Kaji suka ƙyalƙyale da dariya. Dariyar nan ce ta ɓata wa Talotalo lissafi. Wuyansa ya yi ja, ya koma shuɗi, ya sake yin ja. Hawainiya ta ce ashe shi ma ɗan gida ne, ya fara sana'arsu. Aka ƙara wata dariyar.

Talotalo ya buga ƙafa ya ce a yi tsere ranar kasuwa, da wannan wasan babur ɗin da take taƙama da shi, kowa da na'urarsa. Ya ce in ya ci, Hawainiya za ta zama maroƙiyarsa, ta riƙa bin sa tana yi masa kirari har ƙarshen rayuwarta. Ta tambaye shi in ita ta ci fa.

"In kika ci," ya juya mata baya ya baza, "wannan taki ce. A fige ta tas."

Kowa ya san Talotalo ba jela, kaza ce mai kumburin wuya. Agwagwa, wadda aka naɗa alƙaliya, ta ce ya sake tunani. Ya ce babba ba ya magana biyu.

Kafin ranar, Talotalo bai taɓa buɗe tseren babur ba. Ya ce wanda ke da doki mai ƙarfi ba ya gajiyar da shi kafin sukuwa. Kullum sai dai ya goge na'urarsa da fiffike, ya kai ta caji wurin famfon sola, ya dawo ya jera bulo a gaban ƴan tsaki suna yi masa tafi.

Ranar kasuwa, da rana tsaka, bas ta cika maƙil. Kaji a kan kujeru, zabi a taga, ƙadangaru a kan sitiyari. Agwagwa ta ce "kwak", aka tashi.

Da farko, wallahi, Talotalo ya burge. Hanya fayau, babur ɗinsa ya cilla kamar kibiya, ya bar na Hawainiya a baya. Ya riƙa danna maɓalli yana waiwayen ƴan kallo, yana cewa Gwaggo ta fara haɗa kirari tun yanzu, kuma ba ya son gajere.

Sai aka shiga kasuwar cikin wasa.

Da motoci suka yi yawa, babur ɗin Talotalo ya fara tari. Ya yi gaba kaɗan ya tsaya, ya yi gaba kaɗan ya tsaya, kamar akuya a kan kwalta mai zafi. Da ruwan sama ya sauko a cikin hoton, ɗigon ruwan ma tsayawa ya riƙa yi a sama yana hutawa. Ƙarar injin da ke cewa "fiiiii" ta koma "muuuu", har wani ɗan maraƙi da ke wucewa ya amsa.

"Yaya Talo, sauka ka tura mana," in ji wata zabuwa daga taga.

"Ku yi min shiru, numfashi take yi."

Babur ɗin Hawainiya ya zo ya wuce shi a hankali, ba tsayawa, ba tari. Ita kuwa ido ɗaya kawai ta juyo ta dube shi ta mayar.

Jar na'ura ta ɗau zafi har tana ƙona masa baki. Maimakon ya dakata, sai ya hau saran maɓalli da ƙarfi, wai ko za ta ji tsoro. Ya sara, ya sara, ya ƙara sara. Sai ji aka yi ɓas, murfin baya ya ɓalle.

Me ya zubo? Tsakuwa. Tsakuwa ce zalla aka manne da ƙaro a ciki, zafi ya narkar da ƙaron. Ƙwaƙwalwar kuwa ga ta can a lungu, ƴar mitsitsiya, tana ta huci ita kaɗai. Ƴan tsaki suka ruga suka hau tsattsagar tsakuwar, suna cewa yau Yaya Talo ya yi walima.

Aka juya neman Gafiya. Ashe tun da aka shiga kasuwar cikin wasa ta san ranar wanka ta zo. Ta cika kumatunta biyu da gyaɗar Talotalo ta nufi rami. Kanta ya ƙi shiga. Ta tura, ta juya, ta sake turawa, ƙafafu na harbin iska. Agwagwa ta kamo jelarta ta jawo ta, aka sa ta tofar da gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana rantsuwa wai ajiya ta kai.

Lokacin nan babur ɗin Hawainiya ya riga ya isa, har an ɗaga masa tuta.

Agwagwa ta gyara murya ta ce alkawari kaya ne. Kaji suka zagaye Talotalo suna wasa baki. Jelar nan da ba ta taɓa kwanciya ba ta kwanta har ƙasa. Ya matso gaban Hawainiya a hankali.

"Gwaggo," muryarsa ta yi ƙasa, "ko gashi uku a bar min. Saboda Sallah."

Hawainiya ta kifa na'urarta ta toka, ta kwanta a kai kamar yadda ta saba, ta ce yau ɗumin ya fi na ran nan, rana ta yi yawa, baiwar Allah na son iska.

"Jela dai tawa ce, ko ba haka ba?"

Ya ce haka ne.

"To in na fige ta, wa zai ɗaukar min? Ni da ƙyar nake ɗaukar tawa. Na ba ka ajiya. Juyo nan ka baza."

Talotalo ya juya ya baza.

"To kaɗa."

Ya kaɗa. Iska mai daɗi ta taso, na'ura ta huce, kajin da ke kusa suka lumshe ido. Wata kaza ta ce ita tun da take ba ta taɓa sanin jelar nan na da amfani ba. Talotalo ya so ya ji haushi, amma da ya ga duk bas ɗin shi ake kallo, sai ya ƙara ƙarfin fifita har da rangwaɗa.

Tun daga ranar aka raba aiki. In za a buga babban wasa, Talotalo ne fanka, in an gama zagaye a ba shi nasa. Jar na'ura aka ɗaure murfinta da roba aka bar wa ƴan tsaki, don a jera bulo ba ta da laifi ko kaɗan. Gafiya kuwa duk kayan da ta fito da shi, sai Talotalo ya riga kowa zuwa, ya ture kaji gefe, ya ce a sa masa wasan da ya fi wuya, a kai shi wurin cunkoso, kuma ba zai tashi ba sai rana ta take. In ta ce ranka ya daɗe ɗaga ka ji nauyi, sai ya ce ya ƙoshi da tsakuwa.

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, shi ne ba a auna ƙarfin abu da girmansa ko nauyinsa ko ƙyalƙyalinsa, sai da aikin da ya fi wuya, don ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. In za ku zaɓi na'urar gem, ku gwada ta da babban wasa a inda ya fi cunkoso, ku jira ku ji ɗuminta. Kuma kafin ku gwada, kowa ya riƙe jelarsa, don ba kullum ake dacewa da Gwaggo mai neman fanka ba.