Misalin Matar da Ta Danna Ƙirjin Surukinta

Akwai wani mutum manomi a wani gari, dattijo mai gida babba da gona a bakin rafi. Yana da mata, tsohuwa mai kaifin baki amma mai tsoron Allah. Yana kuma da ɗa guda, wanda ya auro mace daga ƙauyen da ke gaba da nasu. Sunan matar ɗan nan Briskila.

Briskila kuwa mace ce mai kunya, irin kunyar nan da iyayenmu suka koya mana a gaban surukai. Ba ta taɓa kiran sunan dattijon ba. Ba ta cin abinci inda idonsa zai kai. In ta hango shi tafe a hanya, sai ta ratse gefe ta durƙusa har ya wuce. In za ta kai masa tuwo, nesa da tabarmarsa take ajiyewa ta juya, don kada ko yatsanta ya gogi nasa. Tsohuwar takan yi alfahari da ita a cikin mata, tana cewa, "Ni tawa surukar, ko tari ba ta yi in Baba yana tsakar gida."

Ana nan, sai aka kawo wani ɗan akwati mai na'urar farfaɗo da zuciya ɗakin shan magani na garin. Aka rataye shi a baranda, ba a sa masa makulli ba, domin duk wanda bukata ta kama ya ɗauka. Malamar asibitin ta zo taron zumuntar mata bayan addu'a, ɗauke da akwatin da wani mutum-mutumi na roba. Ta ce musu, "In mutum ya yanke jiki ya faɗi, kun kira shi kun jijjiga shi bai amsa ba, numfashinsa kuma ya ɗauke ko ya koma gargara, to zuciyarsa ce ta tsaya. Ba ruwa yake nema ba, ba fifita ba. Ku tura wani ya nemo taimako ya ɗauko akwatin nan. Ku kuma ku kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ku ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ku yi ta dannawa da ƙarfi, da sauri kamar luguden daka. Kada ku tsaya."

Ta nuna musu yadda ake aiki da akwatin, ta sa kowace ta gwada dannawa a jikin robar. Mata suka yi ta dariya, wata tana cewa da ma a ba ta aron robar ta huce haushin mijinta a kai. Briskila ta gwada, malamar ta gyara mata hannu. Maza ba su zo ba, sun ce taron mata ne. Tsohuwar ma ba ta zo ba, ranar gwiwa ta hana ta.

Da kaka ta yi, aka kai dawa masussuka. Mijin Briskila ya tafi birni sayo buhuna. Wata rana da hantsi, mata suna shiƙa, maza suna bugu, sai dattijon ya sunkuya zai ɗaga dami. Ya dafe ƙirji, ya ce, "Kai, yau damin nan da nauyi." Sai ya kife.

Masussuka ta kaure. Mutane suka yi masa zobe. Wani ya kwara masa ƙwaryar ruwa. Wata ta ɓare albasa ta kara masa a hanci. Wani ya cire hula yana fifita, wani yana neman cokali a tura masa a baki. Tsohuwar ta rungume kansa tana kira, "Maigida! Maigida!" Bai amsa ba. Can sai ya ja wani irin numfashi mai gargara, ya yi shiru.

Wani ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, ai yana numfashi."

Briskila tana tsaye daga baya, faifai a hannunta. Ta san wannan ba numfashi ba ne, don malamar ta kwatanta musu shi daidai. Ta juya ta ga maƙwabcinsu Irmiya, mai babur. Ta ce, "Malam Irmiya, don Allah hau babur ka ɗauko akwatin nan na barandar asibiti. Ka gaya wa malama ta nemo mota." Ya dube ta, don bai taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ya hau ya tafi.

To, saura dannawa. Wanda ke kwance kuwa surukinta ne.

Ta matsa kusa da ƙanen dattijon, ta rusuna ta ce a hankali, "Kawu, a sa hannu a tsakiyar ƙirjinsa a danna." Kawun ya sa hannu yana shafawa kamar mai shafa man zafi. Ta ce, "Ba haka ba, Kawu, da ƙarfi." Ya ce, "Ke yarinya, so kike in ƙarasa shi?" Ya janye hannunsa.

Leɓen dattijon ya fara sauya launi. Tsohuwar ta fasa kuka, ta zare mayafinta za ta rufe shi. Da Briskila ta ga mayafin nan ya doshi fuskarsa, sai ta yar da faifan, ta kutsa tsakanin maza, ta zube a gwiwa a gefensa, ta kama wuyan rigarsa.

Tsohuwar ta riƙe mata hannu. "Ke! Kin haukace ne? Surukinki ne fa! A gaban mutane?"

Briskila ta ce, "Mama, gobe ki zage ni, zan durƙusa in ji. Yanzu ki taya ni buɗe rigar nan."

Tsohuwar ta dubi fuskar mijinta, ta dubi yarinyar. Sai ta sa hannu biyu ta keta rigar da kanta.

Aka zame shi daga kan zangarniya zuwa ƙasa mai tauri. Briskila ta ɗora hannu kan hannu, ta miƙe gwiwar hannunta, ta sa nauyin jikinta duka ta fara dannawa. Ɗankwalinta ya zame, ba ta gyara ba. Wasu mazan suka juya baya don kunya. Wata mata ta ce, "Wayyo, yau mun ga abin da ba mu taɓa gani ba." Ba a daɗe ba aka ji wani abu ya ce ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Tsohuwar ta yi ihu, "Kin karya shi!"

Briskila ta amsa ba tare da ta tsaya ba, "Malama ta ce yakan faru. Ƙashi yana ɗoruwa, Mama. Ki yi addu'a."

Tsohuwar ta koma wajen ƙafafunsa ta kama addu'a da ƙarfi, mata suna amsawa. Gumi ya rufe idon Briskila. Ta ce, "Kawu, ka ga yadda nake yi? Ƙarfina ya kusa ƙarewa. Ina ɗaga hannu ka sa naka." Wannan karon kawun bai yi musu ba. Ya durƙusa ya karɓa, tana ce masa, "Ƙara sauri. Yauwa, haka." Da ya gaji ta sake karɓa.

Sai ga Irmiya da akwatin. Kawun ya karɓi dannawa, Briskila ta buɗe ta kunna, akwatin ya fara magana da Turanci. Irmiya yana ɗan ji, sai ya zama tafinta. A ciki akwai abubuwa biyu masu manne kamar filasta, da hoton inda ake liƙa kowanne. Amma ƙirjin dattijon sharkaf yake da ruwan da aka kwara masa. Ta ce, "Mama, ba ni mayafin." Aka goge ƙirjin ya bushe, kawun bai daina dannawa ba. Ta liƙa ɗaya a saman ƙirji ta dama, ɗaya a gefen haƙarƙari ta hagu, ƙasa da hamata.

Irmiya ya ce, "Ya ce kowa ya janye hannu, yana duba zuciyar."

Kowa ya janye, sai tsohuwar da ke riƙe da ƙafarsa.

"Mama, saki ƙafar. Wuta za ta shiga jikinsa."

"Tun ina budurwa nake riƙe da mutumin nan, yau akwati ne zai ce in sake shi?"

"Na ɗan lokaci ne, Mama."

Ta saki. Briskila ta duba ta ga ba mai taɓa shi, ta danna maɓallin da ke walƙiya. Jikin dattijon ya zabura sau ɗaya. Irmiya ya ce, "Ya ce a ci gaba da dannawa." Ta koma ta ci gaba. Masussukar ta yi tsit, sai numfashinta da addu'ar tsohuwa. Can sai dattijon ya motsa hannu. Ya yi tari. Ƙirjinsa ya ɗaga da kansa, ya sauka, ya sake ɗagawa.

Kawun ya zauna a ƙasa dirshan yana kuka kamar yaro. Malamar asibiti ta iso da mota, aka wuce da dattijon babban asibiti, inda likitoci suka riƙe shi suka yi masa magani.

Amma kun san bakin mutane. Kafin ya dawo, magana ta zaga gari. Wasu suna yabon Briskila, wasu suna cewa a bakin rijiya, "Rai dai na Allah ne, da ma zai tashi. Amma mace ta hau ƙirjin surukinta kai ba ɗankwali? Kunya ta ƙare a duniya." Briskila ta ji, ta daina zuwa rijiya sai in ba kowa.

Ranar da aka sallamo dattijon, gida ya cika da 'yan barka. Yana jingine da bango, ya ce, "Wai wa ya karya mini haƙarƙari? A kira mini shi."

Tsohuwar ta ce, "Kai dai ka gode Allah ban iya ba. Da ni ce, da na ƙara maka biyu."

Aka yi dariya. Briskila ta fito daga ɗaki, ta durƙusa kanta a ƙasa.

Dattijon ya ce, "'Yata, na ji an ce wai ba ki da kunya. To, ga ni zaune, kunnena biyu suna ji. Duk mai wannan magana ya zo ya faɗa mini da bakinsa. Da kin tsaya jin kunyata ranar nan, da sai dai su je su faɗa wa kabarina." Ya juya ga ƙanensa da sauran maza ya ce, "Ku kuma da kuka ce taron mata ne, ku je ku roƙi malama ta zo ta koya mana. In ba roba, ga buhun ƙaiƙayi nan."

To, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kunya abu ne mai kyau, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a raina surukai. An koya mana ita domin mu girmama mutum. Amma in ranar ta zo da kunyar za ta sa ka tsaya kana kallon mutumin yana mutuwa, to ta daina yi masa amfani, kanka kawai take tsarewa daga bakin mutane. Ku tuna Mai Cetonmu ya miƙa hannu ya taɓa waɗanda al'adar zamaninsa ta ce ba a taɓawa, an kuma yi ta maganarsa, bai fasa ba.

Masu ruwa da albasa ba mugaye ba ne. Suna ƙaunar dattijon, sai dai ba su san abin yi ba, don ranar da aka koyar ba su zo ba. Ƙauna tana bukatar koyo. Ba Briskila ce ta ba shi rai ba, ba kuma akwatin ba. Hannunta ya tura jini zuwa kansa har akwatin ya iso, akwatin ya daidaita bugun zuciyar, rai kuwa na Ubangiji ne. Ba duk wanda aka danna wa ƙirji ne yake tashi ba, kada in yi muku ƙarya. In kin yi iyakar ƙoƙarinki Ubangiji ya kira bawansa, ba laifinki ba ne. Amma tsohuwar tana addu'a, yarinyar tana dannawa, Allah kuma ya karɓi duka biyun.

Akwai kuma wata irin tsayawar zuciya da ba a faɗuwa ƙasa. Ɗan'uwa ya daina zuwa sujada. Maƙwabciya ta daina dariya tun da ta binne ɗanta. Mahaifinka ya kama hanyar da ba ta da kyau. Muna gani, mun yi musu zobe, kowa yana cewa, "Ba girmana ba ne, kada a ce na yi shisshigi." Je ka durƙusa kusa da shi. Yi masa magana, ko da za ta yi zafi. In ka gaji, kira wani ya karɓe ka, don aikin ba na mutum ɗaya ba ne.

Abu na ƙarshe, wannan kuma na jiki ne, ba misali ba. Ku tambaya ko akwai irin akwatin nan a asibitin unguwarku, ko a tasha, ko a makaranta, ku san inda yake rataye. In babu, hannuwanku suna nan, kuma su ne na farko. In ma'aikatan lafiya sun kira koyarwa, maza da mata, tsofaffi da matasa, ku je ku gwada da hannunku.

Yanzu kowa ya juya ya dubi wanda ke zaune kusa da shi a kan bencin nan. In ya faɗi kafin mu ce amin, ka san inda za ka sa hannu?