Alkukan Madam Kaliyopi

An yi wani mutum a nan Iskandariya, a kasuwar Attarin, tun zamanin da ake barin makullin gida a hannun maƙwabci a tafi Makka. Ba zan faɗi sunansa ba. Waɗanda suka san shi sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuwa ko abin da suka karya kumallo da shi ba sa tunawa.

Sana'arsa gyaran tsofaffin kayan tagulla. Allah ya ba shi hannu, wannan ko maƙiyinsa ya sallama. Ya koya a wajen Usta Mitri, tsohon da ya fi kowa sanin ruwan zinariya a layin. Usta muke kiran duk gwanin sana'a.

Ya 'yan uwa, ku da kuka buɗe ido kuka tarar da garin nan siminti da hayaƙin mota, ba ku ga Attarin ba. Bagirke na gasa burodi, Ba'armeniye na gyaran agogo, mu muna tsakaninsu, kowa ya san ranar idin kowa. Da Layya mu aika musu da nama, da idinsu su aiko mana da jan ƙwai. Yanzu maƙwabcinka sai ya mutu kake sanin sunansa, a jikin takardar ta'aziyya.

A saman shagon mutumin nan akwai wata bazawara Bagirkiya, Madam Kaliyopi, da 'yarta Despina. Abin da ya rage musu na arzikin da shi ne alkukan kyandir guda biyu, ƙirar Faransa, tagulla da ruwan zinariya, kowane da rassa biyar. A wuyan kowanne zinariyar ta koɗe, daidai inda babban yatsa yake sauka in za a ɗauka. Yatsan kakarta ya fara cin wurin, na uwarta ya ɗora, nata ya ƙarasa.

Kun san al'adar 'yan kasuwar nan. Ba sa fara duban fuskar kaya. Kifa shi suke yi su karanta ƙarƙashinsa, domin nan asalinsa yake. A ƙarƙashin waɗannan akwai alama huɗu: tambarin maƙerin da ya zuba su a Faris, lambar wani attajirin Marsiliya da ya fara mallakarsu, sunan likitan da ya shigo da su Masar lokacin haƙa mashigin Suwes, sannan haruffan kakan Madam, ɗan kasuwar auduga, da ranar da ya ba 'yarsa su a bikinta. Wane daga wane daga wane, kamar isnadin hadisi.

Shekara ashirin mutumin nan yana wanke su duk gabanin idin Girkawa, ya mayar mata da su da hannunsa, a ba shi kofi da godiya.

Sai shekarar ta zo da baƙi suka fara tattara komatsai suna barin ƙasar. Jirgi na jira a tashar ruwa, kowa akwati ɗaya. Madam ta sauko da alkukan a naɗe cikin zanen gado.

Ta ce, "Usta, ajiye min. Wata shida ne, ko shekara in abin ya yi tsawo."

Ya dafa ƙirji ya ce, "A kan idona, Madam. Ko ƙuda ba zai sauka a kansu ba."

Ta yi dariya ta ce, "Ƙuda ba ya damuna. Kai dai kada ka goge su su ƙare, na san halinka da tsumma."

Wata shida ya zama shekara biyar. Wasiƙu na zuwa daga Atina ta ƙasar Girka yana amsawa, alkukan na ƙarƙashin gadonsa. Ba a kwana ɗaya mutum yake lalacewa ba. Kullum sai ya ga maƙwabtansa na sayen kayan waɗanda suka tafi a banza, suna sayar wa dillalan Turai, suna gina benaye. Zuciya ta ce masa, ai ba za ta dawo ba. Washegari ta ce, ai ladan wankin shekara ashirin ma ya ci rabi. Shaiɗan lauya ne, kuma bai taɓa neman kuɗin aikinsa tun farko ba.

Ya zauna ya rubuta mata cewa gobara ta tashi a shagon, komai ya narke. Amsarta ta zo da layi biyu: tunda kai ka tsira, Usta, tagulla ce ta tafi.

Ko wannan bai sa ya ji kunya ba.

Amma duk Attarin an san alkukan Madam Kaliyopi. Duk wanda ya kifa su zai karanta sunan kakanta. Sai ya ɗauki magagari ya bi alamun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Abin da shekara ɗari da wani abu suka rubuta, ya share shi tsakanin azahar da la'asar.

Saura tabon magagari, da koɗewar nan ta wuya da kowa zai gane. Dole a sake musu ruwan zinariya, kuma irin na da, na wuta, don kada a ga bambanci. Ana kwaɓa zinariya da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba, a shafa wa tagulla, a ɗora kan garwashi. Zaibar ta tashi hayaƙi, zinariyar ta zauna. Usta Mitri ya sha gaya masa, "Wannan aiki a kan rufin bene ake yinsa, iska na bayanka. Wanda ya shaƙe shi a ɗaki, gara ya fara sayen likkafani."

To, ɓarawo zai hau rufin bene da kayan sata, mata na shanya ta ko'ina? Ya zaɓi ranar Juma'a, lokacin da kasuwa take watsewa a tafi masallaci. Ya ja ƙofa, ya rufe tagogi, ya toshe kafofi da tsumma don kada hayaƙi ya tona shi. Ya warware alkukan reshe reshe. Juma'a goma sha ɗaya liman na huɗuba, shi yana fifita garwashi.

Matarsa Sakina ta ce masa, "Kai da Juma'a faɗa kuka yi ne? Kuma dubi dasashinka, jini yake yi. Ka zo kana warin ƙarfe kamar tsohon famfo."

Ya ce, "Zuba min wake ki bar ni da wa'azi."

Alkukan suka fito suna walƙiya kamar yau aka ƙera su. Ya ƙaga musu tarihi, wai daga fadar sarki suka fito lokacin gwanjo. Ya jira har wani babban dillali ya zo daga Faris, tsoho mai tabarau biyu a wuya. Dillalin bai ko dubi rassan ba. Ya kifa ɗaya, ya shafa ƙarƙashinsa da yatsa, ya kifa ɗayan.

Ya ce, "Wa ya yi musu aski?"

Mutumin ya fara labarin fada. Dillalin ya ɗaga hannu ya ce, "Usta, kowace tukunya a layin nan daga fada ta fito, sarkinku bai da wurin kwana ke nan. Babu tambari, babu suna, zinariya sabuwa fil. Kwaikwayo ne mai kyau, na yaba wa wanda ya yi. Da suna da asali da na saye su da kuɗin gidan nan har da na kusa da shi."

Ya 'yan uwa, ku dubi wannan tarko. Shi kaɗai a duniya ya san na gaske ne. Hujjarsa guda ce, ya ce na Madam Kaliyopi ne, ni na goge sunan. Wa zai iya faɗin haka? Ya raka baƙo bakin ƙofa.

Kafin shekara ta zagayo hannun ya fara rawa. Haƙora suka bi juna suna zubewa. Mai gyaran da ake kawo wa aiki daga Alƙahira ya koma ba ya iya kai kofin shayi baki sai rabi ya zube a rigarsa. Ya zama mai saurin fushi, yana zagin masu ciniki, har suka ɗauke ƙafa. Sakina ta yi jinyarsa shekara tara ta rasu ba ta san me ya ci mijinta ba. Wanda ya binne matarsa ya san yadda gida yake komawa. Shi nasa har da alkukai biyu a taga suna ƙyalli, ba mai taya su.

Bayan shekara ashirin da shida, wata mata mai furfura ta yi sallama a shagon da Larabcin mutanen da. Despina ce. Ta ce uwarta ta rasu bara, kuma har ta mutu tana ambatonsa da alheri, shi ya sa ta ce ba za ta bar garin ba sai ta gaishe shi.

Tsohon ya fashe da kuka. Ya nuna taga da hannunsa mai rawa ya ce, "Naku ne, 'yata. Ba su ƙone ba. Ƙarya na yi. Ɗauki kayanki."

Ta ɗauko ɗaya. 'Yar Attarin ce, sai ta kifa shi. Ba komai. Ta kai babban yatsanta wuyansa tana neman gurbin yatsan uwarta, ta ji wurin sumul.

Ta mayar a hankali ta ce, "Allah sarki, Baba. Kana so ka faranta min ne, na gode. Namu tsofaffi ne, duk sun koɗe. Waɗannan sababbi ne."

Ya rantse, ya sake rantsewa. Ta dubi maƙwabcin da ya leƙo, shi kuma ya taɓa kansa da yatsa, wato tsohon ya rikice. Ta sumbaci goshinsa, ta ajiye masa kwalin alewa, ta tafi ta kama jirginta.

Bai ƙara wata uku ba. Magada suka sayar da alkukan a kan sikeli, da nauyin tagulla.

Ya 'yan uwa, Allah ya umarce mu da mayar da amana ga masu ita, bai ce sai in sun dawo ba, bai ce sai in addininmu ɗaya ba. Mutumin nan ya ɗauka zinariya ce darajar kayan. Ashe sunayen nan huɗu ne, da gurbin yatsan mata uku. Ya goge su don kada a kama shi, ranar da ya so a kama shi kuma babu shaidar da ta rage. Ƙofar tuba a buɗe take, haka muka karanta. Amma haƙƙin mutum sai an mayar, kuma mai shi ba zai zauna jiran ranar da ka shirya ba.

Wa ke da kayan wani a ƙarƙashin gadonsa yau? Ya mayar tun sunan mai shi na jiki.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya sa mu sauke abin da aka ba mu ajiya tun hannunmu bai fara rawa ba. Amin.