Fartanyar Da Aka Ara Sau Uku

An yi wani mutum a wani gari, tun ba a san mota ba, wani bawan Allah masaƙi mai suna Jatau. Ku matso, 'ya'yana, muryata ba kamar da ba ce.

Allah bai ba Jatau haihuwa ba. Da ƙanensa Nomau ya sami ɗan fari, Ɗanjuma, ana yaye shi ya sa aka kai wa Jatau, halak malak. Kun san al'adar mutanen da: uba ba ya ambaton sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ko hanya ta haɗa su sai ya kau da kai. To haka Nomau ya yi. Jatau kuwa shi ne ɗauka a wuya, shi ne koyar da saƙa, shi ya yi wa Ɗanjuma aure. Shekara talatin cur.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da Ɗanjuma, har aka fara fid da rai. Jatau na zaune yana masa fifita, sai ya ji ya ce, "Baba."

"Ga ni, ɗana."

"Baba Nomau bai zo ba?"

Ku saurara. Da barkono aka watsa wa Jatau a ido, da ya fi masa sauƙi. Ya ce a ransa, "Ni na ci kashinsa, ni na sha ɗawainiyarsa. Mutumin da ko sannu bai taɓa ce masa ba, shi ake nema?"

Nomau fa yana zuwa, amma iyakarsa zaure, kunya ta hana shi tambaya. Ya ce, "Yaya, aron fartanya na zo." Aka ba shi. Ya tsaya yana sosa ƙeya, yana satar kallon cikin gida. "Mutanen gida dai lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Jatau.

Washegari ya maido fartanya, ya sake ara. Jatau ya san sarai abin da ke kawo shi, amma kishi ya ɗaure masa baki.

Rana ta uku ya idar da azahar, ya ɗaga hannu: "Ya Allah, ka bar mini ɗana, ka san irin son da nake masa."

Matarsa Tabawa tana tankaɗe a gefe. Ta ce, "Malam, ɗanka ka ce?"

"To na wa ne?"

"Na Mai shi ne. Kana roƙon Mai shi ya bar maka, ga wanda ya haifa can yana safa da marwa da fartanya kamar zai nome garin nan duka. Ni ma na ji abin da mai jikin ya faɗa, ba kurma ba ce."

"Ke dai bakinki ba ya hutawa."

Amma maganar ta shige shi. Da la'asar sai ga Nomau, ya maido fartanya, ya sake ara. Jatau ya san in ya ce masa "ɗanka na kiranka," kunya za ta kore shi. Sai ya dafe ƙugu ya ce, "Ajiye fartanyar nan. Bayana ya riƙe. Shiga ka tallafo mini mai jikin nan ya sha kunu."

"Yaya, ni?"

"Akwai wani Nomau a zauren nan? Shiga, na ce."

Ya shiga. Jatau ya zauna a zaure, yana jin kukan Ɗanjuma, yana jin Nomau na cewa, "Sannu. Sannu, kai." Kada ku ce kishin ya tafi. Ina! Yana nan yana cinsa kamar gara. Sau biyu yana miƙewa zai shiga, sau biyu yana komawa. Ya ce, "Allah, ka ga dai raina ba ya so. Dominka na yi."

Kafin magariba Tabawa ta kira shi. Ɗanjuma ya cika, kansa a cinyar Nomau, Jatau na riƙe da ƙafafunsa.

To, 'ya'yana, so iri-iri ne. Akwai mai riƙewa, akwai wanda kunya ke ɓoyewa har ka ɗauka babu shi. Amma son da ake yi domin Allah, shi ne ka saki alhali zuciyarka na zafi. Ke da ke hana ɗanki gaida dangin ubansa, kai da ke ɓata rai don amininka ya yi wani amini, ku tuna Jatau kwana uku ya yi yana jan rai. Da ya ƙara yini ɗaya, da me zai faɗa wa Ubangiji? Ba a ce kada ku ji kishi ba. Ku ji, amma ku tashi daga bakin ƙofa.