Allin da ke Bangon Malam Ɗahiru

An yi wata baiwar Allah a wani gari, ana ce mata Inna Tabawa. Mata suna cewa hannunta da sanyi, yaro ba ya daɗewa yana kuka in ita ta yi masa allurar rigakafi. Maza suna cewa ba ta iya gardama ba. Gidan da ta gama, sai ta yi alama da alli a bango, ta wuce.

To, ku saurara. Akwai wani tela, Malam Ɗahiru. Ɗansa Sabi'u ya shekara biyu, Tabawa ta yi masa allura ta sa alli a bangon gidan, sai ya daina waiwayowa in an kira shi. Ba ya haɗa ido, ba ya magana, sai dai ya wuni yana jera maɓallan ubansa, ko tuwo ba ya yarda ya ci. Likita ya ce halitta ce, ba allura ba. Uban bai yarda ba. Ya hana a goge allin nan, har ya kafa masa guntun langalanga kada ruwa ya wanke shi. Kowa ya kawo ɗinki sai ya nuna masa: "Ga ranar da Tabawa ta ɗaure mini bakin yaro."

Rabin unguwa ya rufe mata ƙofa.

Ba ta rama ba. Duk Laraba takan yi sallama, ta ajiye akwatin allura a waje, ta zauna gefen Sabi'u tana miƙa masa maɓalli.

Uban ya ce, "Inna, me kuma kika zo ƙarasawa?"

Ta ce, "Malam, ku daina rushe masa jerinsa. In ya gama, da kansa zai ci tuwo."

Haka kuwa aka yi.

Aka haifi ƙanen Sabi'u, Mudi. Uban ya rantse allura ba za ta taɓa shi ba, ba ta kuwa taɓa shi ba. Mudi ya shekara biyu, ya zauna kusa da wansa yana jera maɓalli. Aka kira shi, bai waiwayo ba. A bazarar nan ƙyanda ta shigo, ta fi tsananta a gidajen da babu alli.

Jama'a, don abu biyu sun zo a jere, ba shi ne ɗaya ya haifi ɗaya ba. Zuciyar da ke ciwo takan nemi wanda za ta ɗora wa laifi, ta kuwa fi samun mai haƙuri. Ku kai yaranku rigakafi. Wanda kuma kuka ɓata wa suna a bainar jama'a, a bainar jama'a za ku wanke shi.

Shi dai Malam Ɗahiru, ranar Laraba ya cire langalangar nan, ya tsaya a ƙofa gaban masu jiran ɗinki.

Ya ce, "Inna, shekara huɗu ina ɗora miki abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."